GARGAƊI GA MASU IKO DA TALAKAWA BISA KUNNEN DA AKA KAFA CIKIN WAYA

Muna farawa da sunan Allah, Masanin ɓoye da bayyane, wanda Shi kaɗai ke tsinkayar abin da ke cikin ƙiraza, kuma tare da haka Ya ke suturce bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa, ku sani ni almajiri ne mazaunin Gafasa, cikin ƙasar Ajingi, gabas da birnin Kano. Ban zauna ajin boko ba ko da wuni guda, allo da tawada su ne aikina tun ina ɗan shekara bakwai, ga shi yanzu na haura arba'in. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne an yi farauta da ni ban sani ba, aka mai da ni tarko aka kama yaron da ubansa ya ba ni amana. Abin da ke cikin takardar nan na dokoki da shekaru da kuɗi, samarinmu masu karatun boko su suka karanta mini, na sa suka maimaita har na riƙe kamar yadda mu ke riƙe hadda. Abin da ke cikinta na Shari'a kuwa, gaban malamaina na ɗauko shi. Wanda ya ga kuskure ya gyara, Allah Ya ba shi lada.

FASALI NA FARKO: ABIN DA YA FARU GARE MU

Ina da wani gardi a tsangayata, ya sauke, yana tilawa. Da rani ya kan tafi birni yana ɗinkin hula, da damina ya komo mu yi noma. Wata shekara cikin shekarun nan ya tara 'yan kuɗinsa ya sayi waya ta hannu wurin wani mai tebur, ba rasiɗi, ba shaida, kamar yadda talaka duka ke saye. Bayan komowarsa da kamar kwana ashirin, ran wata Laraba da la'asar, sai wayata ta yi ƙara. Mai magana ya yi sallama da ladabi, ya ce, "Allah gafarta Malam, labarinka muka ji, muna da mara lafiya, muna biɗar rubutun sha. An ce almajirinka wane yana da kyan hannu, ka turo mana shi bakin titi ya karɓi sadaka, gama motarmu ba ta iya rairayin nan naku." Na yi murna, na aika aka kira shi daga gona, na ce, "Ɗana, wanke ƙafa ka je, Allah Ya kawo rabo." Ya ce, "To, Malam." Ya tafi.

Ba a jima ba sai ga yaran da suka raka shi sun sheƙo suna kuka. Suka ce mutum huɗu ne cikin kayan gida, da bindigogi, da mota ba lamba, sun tura shi ciki sun tafi. Ba su faɗi ko su wane ne ba, ba su nuna takarda ba, ba su biya wurin mai unguwa ko dagaci ba. Daren nan muka kwana muna tsammani ɓarayin mutane ne, muna jiran a kira a yanka mana fansa. Kwana huɗu muna yawo daga wannan ƙofa zuwa waccan kafin mu san inda ya ke.

Da na isa aka zaunad da ni, wani ya ɗauko takarda yana karanta mini raina: ran kaza ka kira shi da asuba, kun yi minti kaza, ran kaza ma haka. Ya ce, "Malam, me ku ke ƙullawa da asuba?" Na ce, "Ranka ya daɗe, tashinsa na ke yi ya hura wuta ya tada yara karatu." A nan na gane asalin maganar. Wayar da ya saya an taɓa kiran wani da ita a nemi fansa, watanni kafin ta shigo hannunsa. Ni kuwa an same ni ne domin lambata ita ce ya fi kira.

Kwana goma sha ɗaya ya yi a tsare. Ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a ce ya yi laifi ba, ba a kuwa ce a yi haƙuri ba. Awaki biyu da buhun gero muka sayar kafin ya fito, alhali an rubuta a bango cewa beli kyauta ne. Aka mai do masa da wayarsa bayan an tone ta tas. A ciki akwai muryar matarsa, da hotonta a ɗaka ba mayafi, har ɗayansu ya riƙa yi masa ba'a da kalmar da ta faɗa masa tsakanin miji da mata. Ya ce mini yunwa da sauro sun wuce, amma wannan ba ta wuce ba.

Ga abin da ya biyo baya. Mutane suka fara cewa ai ba a kama mutum banza. Iyaye biyu suka zo suka kwashe 'ya'yansu. In gardin nan ya iso majalisa sai a sauya zance. Ni kaina, yau in baƙo ya kira ni yana biɗar addu'a, sai zuciyata ta ce ko tarko ne. Shekara talatin ina koya wa yara kyautata zato, cikin wuni guda aka koya mini munana shi.

FASALI NA BIYU: YADDA ABIN NAN KE AIKI

Ku sani, ya 'yan'uwa, wayar da ke aljihunka ba ta barci. Muddin tana kunne, tana gaisawa da ƙarfen sabis mafi kusa, ko kana magana ko ba ka yi. Kamfani kuwa yana rubutawa: wa ka kira, wa ya kira ka, wane lokaci, minti nawa, ƙarƙashin wane ƙarfe ka ke. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, sashe na 38, ta wajabta wa kamfanoni su ajiye wannan har shekara 2, su kuma miƙa shi in hukumar tsaro ta nema. Sauraren maganar kanta, shi ne aka ce sai da umarnin alƙali. Amma wanda ya san wa ka ke kira, da inda ka ke kwana, da inda ka ke yini, me ya rage masa?

Sa'an nan kowace waya tana da lamba a jikinta mai alƙalami 15, wadda ba ta sauyawa ko ka sauya layi. Ita ta kama gardina. Lambar nan tana shaida waya, ba ta shaida hannun da ya riƙe ta jiya. Haka layin da aka daɗe ba a yi aiki da shi ba, kamfani ya kan karɓe ya sayar wa wani, sabon mai shi ya gaji abin da bai shuka ba. Haka ƙarfen sabis a karkara, guda ɗaya ya kan ɗauki ƙauyuka da yawa, sai na'ura ta ce mai laifi yana nan, alhali "nan" ɗin ya haɗa Gafasa da maƙwabtanta da makiyayin da ke wucewa.

Tun Disamba 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layinsa da lambarsa ta zama ɗan ƙasa, wadda a ke ce wa NIN. A Afrilu 2022 aka hana layuka fiye da miliyan 70 kira, aka yi ta ɗaga wa'adi har Satumba 2024. Mun bar gona mun yi layi a rana, mun ba da yatsu goma da fuska. To, a tsangaya waya guda ce yara arba'in ke gaida iyayensu da ita, da sunana aka yi mata rajista. A ƙauye mace na ara ta mijinta, tsoho na ara ta jikansa, mai caji a kasuwa yana riƙe da hamsin. Wanda ya ƙera na'urar nan ya ƙaddara waya ɗaya mutum ɗaya. Mu ba haka mu ke zaune ba.

Kyamarar da ke gane fuska ma ba ta kuɓuta ba. A 2019 hukumar awo ta gwamnatin Amurka ta jarraba irin waɗannan na'urori, ta tarar da yawansu sun fi kuskure ga fuskar baƙar fata, wani lokaci ninki 10 har 100. A 2020 aka kama wani baƙar fata kusa da birnin Detroit gaban iyalinsa, ya kwana a tsare, domin na'ura ta ce shi ne, alhali ba shi ba ne. In haka ta ke yi a gidan da aka haife ta, yaya za ta yi da mai rawani a Kano?

FASALI NA UKU: ABIN DA AKA SAYA DA DUKIYARMU

A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na ƙasar Sin aikin dala miliyan 470, yawancinta bashi, domin sadarwar tsaro da kyamarori wajen 2,000 a Abuja da Legas. Majalisar Wakilai ta yi ta bincike domin yawancinsu ba su aiki, har a 2023 babbar kotun tarayya a Abuja ta umarci gwamnati ta yi bayanin inda kuɗin suka shiga. A 2013 jaridar Premium Times ta tona cewa an ba kamfanin Elbit na Isra'ila dala miliyan 40 domin sa ido kan abin da mutanen Nijeriya ke yi a intanet. A Disamba 2020 masu bincike na Citizen Lab, a jami'ar Toronto ta Kanada, suka lissafa Nijeriya cikin ƙasashe 25 da su ke ganin suna aiki da kayan kamfanin Circles, waɗanda ke gano inda mutum ya ke da lambar wayarsa kaɗai. A 2021 aka ware wa hukumar leƙen asiri ta ƙasa naira biliyan 4.8 cikin ƙarin kasafi, domin tare saƙon WhatsApp da wayar tauraron ɗan Adam.

To, a kan wa aka ga ƙarfin kayan nan? A 2020 ƙungiyar kare 'yan jarida ta duniya ta bayyana yadda 'yan sandan Nijeriya suka yi aiki da bayanan kiran waya suka kama 'yan jarida, suna fara kama na kusa da mutum su sa ya kira shi. Da aka karanta mini wannan sai na ce, ashe ba a kaina aka fara ba. A Nuwamba 2022 aka bi wani ɗalibi har Jami'ar Tarayya ta Dutse, nan kusa da mu, aka ɗauke shi zuwa Abuja saboda 'yar magana da ya rubuta a Twitter game da uwargidan shugaban ƙasa na lokacin. Sai da ƙasa ta ɗauki kuka aka janye ƙarar a Disamba. Ban yabi kalmarsa ba, gama ladabi ga manya addini ne. Amma ku dubi sauri. Wanda ya taɓa manya da harshe an gano ɗakinsa, wanda ke satar talakawa yana kiran iyalinsu da waya yana ciniki wata da watanni, shi ba a gano dajinsa ba. Har ministan da aka yi haɗin layin nan a hannunsa, Shehu Isa Ali Pantami, ya fito a Janairu 2024 yana kukan cewa ba a aiki da bayanan wajen kama masu satar mutane yadda ya kamata.

Rumbun ma bai tsaru ba. A 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative ta nuna akwai shafin intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100. Fuskarka da sunan garinku, a kan kuɗin da ba ya sayen ƙosai a ƙoshi.

FASALI NA HUƊU: HUKUNCIN SHARI'A

Ku sani, Allah Maɗaukaki cikin Suratul Hujurati, aya ta 12, Ya jera abu uku Ya hana: yawan zato, da bin diddigin asirin mutane, watau tajassusi, da giba. Malamanmu suka ce jerin nan da hikima, gama zato ke haifar bincike, bincike ya haifi yaɗawa. Cikin surar nan kuma, aya ta 6, Ya umarce mu da tabbatarwa in labari ya zo daga wanda ba a amince masa ba, kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. To, na'ura mai kawo labari ce, ba ta rantsuwa, ba a iya tsare ta da tambaya, mun kuwa nuna tana kuskure. Ina alƙalin da zai ɗaure mutum da shaidar wanda bai san bambancin mai saye da ɓarawo ba?

Cikin Suratun Nuri, aya ta 27, an hana shiga gidan wani sai da neman izini da sallama. Buhari ya ruwaito wani ya leƙa ɗakin Annabi ta kafa, Annabi ya tsananta masa, ya bayyana cewa saboda ido aka shar'anta neman izini. Ya kuma ruwaito cewa mai kasa kunne ga zancen mutane alhali suna ƙi, za a zuba masa narkakkiyar dalma a kunne ranar Alƙiyama. Mu Hausawa a kan wannan muka gina gidajenmu, baƙo iyakarsa zaure, ko hakimi ne. Waya kuwa a yau ta fi ƙuryar ɗaki asiri: bashinka yana ciki, da ciwonka, da rigimar gidanku, da fuskar iyalinka. Wanda ya buɗe ta ba izini ya wuce zaure, ya wuce tsakar gida, ya ɗaga labule.

Kada wani ya ce hanin nan na talakawa ne, bai hau kan hukuma ba. Imamu Gazali ya kawo cikin Ihya'u cewa Sayyidina Umaru yana sintiri da dare, ya haura katangar wani ya same shi cikin saɓo. Mutumin ya kafa masa hujja cewa shi ya saɓa ta fuska ɗaya, Sarkin Musulmi kuwa ta fuska uku: ya yi tajassusi, bai shigo ta ƙofa ba, bai yi sallama ba. Umaru ya karɓi hujja ya bar shi, bisa sharaɗin tuba. Wannan fa Umaru ne, mai laifin kuwa an same shi dumu-dumu. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa shugaba in ya shiga biɗar abin tuhuma cikin jama'arsa, sai ya lalata su. Ni na ga fassarar hadisin nan da idona a ƙofar gidana.

Akwai togaciya, ba mu ɓoye ta ba. Mawardi cikin Ahkamus Sulɗaniyya ya ce a kan yi bincike in amintacce ya kawo labarin ɓarnar da in ta auku ba ta gyaruwa, kamar wanda ya keɓe da wani zai kashe shi. Ku dubi sharuɗɗa: labari daga amintacce, mutum ayyananne, ɓarna mai girma da ke gab da aukuwa. Ina wannan ina tara sawun mutum miliyan ɗari a ajiye, ko wata rana a bukace shi?

FASALI NA BIYAR: AMSA GA MASU JAYAYYA

In ka ce, "Malam, ba ka ganin halin da ƙasa ke ciki? So ka ke a ɗaure hannun 'yan sanda?" Sai in ce, ina gani, kuma ɗan sandan da ke kwana bisa titi saboda ni ina roƙa masa alheri. Annabi ya aiki Huzaifa daren Handaƙu ya shiga sansanin maƙiya ya ɗauko labari. Ido a kan rundunar da ta zo yaƙi halal ne, har wajibi. A bi wayar mai neman fansa, a bi ta da gaggawa. Abin da na ke ƙi shi ne a juyo da idon nan kan garke, ba alƙali, ba iyaka, ba mai tambaya.

In ka ce, "Mai kaza a aljihu shi ba ya jimirin as, mai gaskiya me zai ɓoye?" Sai in ce, gardina ba shi da kaza, ya kuwa yi kwana goma sha ɗaya. Sa'an nan ina tambayarka, don me ka kewaye banɗakinka da zana? Laifi ka ke yi a ciki? Sutura haƙƙi ce ta mai gaskiya kafin ta zama mafakar mai laifi.

In ka ce, "Ai akwai doka." Sai in ce, gaskiya ne. Tsarin mulkin 1999, sashe na 37, ya lamunce wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana 1 in akwai kotu tsakanin kilomita 40, in babu, kwana 2. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama wani a madadin wani. Amma ƙa'idojin hukumar sadarwa na 2019 sun buɗe ƙofa, a saurari waya ba izinin alƙali in an ce gaggawa ce, a nemi izinin daga baya cikin awa 48. Dokar kare bayanai ta 2023 kuma ta sassauta wa masu binciken laifi da tsaron ƙasa da yawa daga sharuɗɗanta. An gina katanga mai tsawo, aka bar kafa daidai inda kura ke shigowa.

In ka ce, "Shugabanninmu na yanzu mutanen kirki ne." Sai in ce, Allah Ya ƙara musu. Amma kujera ba ta gado ba ce, na'ura kuwa ba ta san mai gida ba, duk wanda ya zauna shi ta ke yi wa aiki. Dattawanmu sun ba mu labarin zamanin Nasara, sa'ad da a ke baza 'yan rahoto cikin malamai saboda tsoron Mahadiyya. A 1923 aka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu, jinin Shehu Usmanu, a Dumbulwa, bisa tuhuma, aka kai shi Buea ta ƙasar Kamaru, ya shekara fiye da ashirin can. Bayan an kafa NEPU a Kano a 1950, sun ga yadda 'yan doka ke kama talaka domin an ji shi wurin lacca. Waɗancan da kunnen mutum suka yi aiki, kunnen mutum kuwa yana gajiya, yana mantuwa, wani lokaci yana jin kunya. Na yau ba ya ko ɗaya. Ya kai mai iko, in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, gama wanda ka ke saurare yau shi zai riƙe na'urar gobe.

FASALI NA SHIDA: ABIN DA MU KE BIƊA

Na ɗaya, kada a buɗe bayanan wayar kowa, ko sawunsa ko maganarsa, sai da takardar alƙali mai ɗauke da sunan mutum, da laifin da a ke tuhuma, da ranar da izini zai ƙare.

Na biyu, lambar waya ta zama mafarin bincike, kada ta zama hukunci. Wanda aka samu da waya ta hannu a tambaye shi inda ya saya, gaban mai unguwarsa, a bi sarƙa har tushe.

Na uku, mai kamu ya faɗi sunansa da inda ya fito, ya nuna takarda, a sanad da iyali a ranar. Ƙasar da ba a bambance kamun hukuma da na ɓarayi sai bayan kwana huɗu, tana cikin hatsari.

Na huɗu, a daina farauta da malami, da uwa, da mata. In aka lalata amana tsakanin malami da almajiri, ba kuɗin da zai saye ta.

Na biyar, doka ta ɗora wa majistare ya ziyarci wuraren tsare mutane kowane wata. Muna roƙon a raya wannan a Gaya da Ajingi da Wudil, ya gani da idonsa, ya tambayi kowane tsararre kwanansa nawa.

Na shida, wakilanmu na majalisar Kano da ta Abuja su sa a riƙa faɗa wa jama'a kowace shekara: kayan leƙe nawa aka saya, layi nawa aka bi, mutum nawa aka kama da su, nawa kotu ta samu da laifi. Wanda aka tsare bisa kuskure a biya shi, a kuma wanke shi a bainar jama'a kamar yadda aka kama shi a bainar jama'a.

Ku kuma 'yan'uwana talakawa, kada ku sayi waya ta hannu sai da rasiɗi da shaidu biyu, a rubuta lambar jikinta, kamar yadda mu ke yi wajen cinikin saniya a kasuwar Wudil. Kada ka ba kowa lambarka ta NIN ya yi rajistar layi, ko da ya ba ka kuɗi. In an kama naka, rubuta rana da sa'a, ka tafi da dattijo, ka nemi lauya, ka san kwanakin da doka ta yanka. Wanda aka sako kuwa ku karɓe shi hannu biyu, ku ci abinci tare da shi, gama zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle ya zama ƙarya. Kuma mu tsarkake kanmu tukuna: mijin da ke tone wayar matarsa da dare, da mai naɗar muryar abokinsa a ɓoye ya watsa, ba su da bakin zargin hukuma.

Ya ku malamai 'yan'uwana, kada ku ce wannan zancen 'yan boko ne. Ayar tana cikin allon da mu ke wankewa kullum. In mun yi shiru, za a tambaye mu.

Gardin nan yana nan tare da ni, ya koma tilawa, amma ya bar riƙe waya. Na roƙe shi gafara bisa aiken da na yi masa, ya ce, "Malam, ai ba ka sani ba." To, yanzu na sani, ku ma kun sani.

Allah Ya suturce mu duniya da Lahira, Ya ba shugabanninmu mashawarta na gari, Ya tsare mu daga zalunci da kuma a zalunce mu, Ya mai do da aminci ƙasarmu. Wanda ya karanta takardar nan ya karanta wa wanda bai iya ba. Wassalamu.

Daga ɗan'uwanku almajiri, Gafasa, ƙasar Ajingi.